Ɗora Linux ba wuya, wa za ka tambaya ran da ta ƙi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sammini fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yi tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Jama'a sun kasu biyu. Wasu na cewa duk kwamfutar da ba ta iya ɗaukar Windows 11 ta zama tarkace, a nemi sabuwa. Wasu kuma, galibi samarin da harkar ke yi wa daɗi, na cewa a goge komai a ɗora Linux, kyauta ce, shi ke nan an gama. Ni sana'ata gyaran kwamfuta da kula da ita, na daɗe da Linux a kan tawa, na kuma ɗora wa mutane da dama. Ina tare da ɓangare na biyu, amma wannan "an gama" tasu ce ba ta kwanta mini ba.

Masu cewa a zubar ba zan ɓata musu lokaci ba. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor) ta kamfanin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko takwararta ta AMD. Kwamfutar da aka ƙera a 2016 da ƙwaƙwalwar zubi na 6 lafiyarta ƙalau, tana rubutu, tana shiga intanet, tana kunna bidiyo, sharaɗin da aka gindaya ne kawai bai sa da ita ba. An ba da ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoban 2026, amma jinkiri ne kawai. Barin ta kan Windows ɗin da aka daina toshe wa ɓaraka kuwa ganganci ne ga duk wanda yake shiga asusun bankinsa da ita.

Ga wanda bai san Linux ba, babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, aikin da Windows take yi shi take yi. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka da niyyar samar da irin wannan manhaja wadda ba mai mallakarta shi kaɗai. A watan Agustan 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta zuciyar irin wannan manhaja don sha'awa kawai. Aka haɗa nasa da nasu. Lasisin da ke kanta, GPL, ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama, bisa sharaɗin in ya raba abin da ya gyara to ya bar shi a buɗe kamar yadda ya same shi. Mai wayar Android yana ɗauke da zuciyar Linux a aljihunsa ko bai sani ba. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya kuwa tun ƙarshen 2017 dukkansu da ita suke aiki. Saboda haka maganar ko abin wasan yara ce ba ta taso ba.

Inda sabon shiga yake fara rikicewa shi ne Linux ba guda ɗaya ba ce. Tun da kowa na da izinin haɗa tasa, akwai ɗaruruwa: Debian da ta fito tun 1993, Ubuntu da kamfanin Canonical ya fitar a Oktoban 2004, Linux Mint da ta biyo baya a 2006, Fedora, Arch, da sauransu. In ka tambayi mutum biyar wacce ta fi, za ka samu amsa biyar da gardama ta shida. Ni amsata guda ce, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa: ɗauki wadda wanda zai taimake ka yake amfani da ita. Mai hankali in zai sayi mota yakan duba wadda makanikinta da kayan gyaranta suke kusa, ko da akwai wadda ta fi ta gudu. In babu kowa kusa da kai, to ɗauki Mint ko Ubuntu, don su ne masu jama'a, kuma da wuya ka ci karo da matsalar da wani bai riga ka cin karo da ita ya rubuta maganinta ba.

A cikin Ubuntu ma akwai abin lura. Lambar da ke jikinta shekara ce da wata, 24.04 tana nufin Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da wadda ake wa laƙabi da LTS, wadda ake kula da ita shekara biyar. Waɗanda ke fitowa a tsakani wata tara kacal ake ba su. Na sha karɓar kwamfutar da aka ɗora wa irin ta wata tara, mai ita ya zo yana cewa ta daina karɓar sabuntawa, yana zargin na'urar, alhali wa'adin manhajar ne ya cika ba wanda ya gaya masa. Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina ta, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Wanda yake son ya yi aikinsa ba ruwansa da gwaje-gwaje, nan ya kamata ya tsaya.

Ɗorawar kanta ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Za ka sauke fayil guda, na Mint kusan gigabait 3 ne, daga shafin masu manhajar, ka zuba shi a filashi da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka kashe kwamfutar, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP F9. Amma a sauke daga asalin shafin, a kuma gwada lambar tantancewar da suke bugawa kusa da fayil ɗin da wadda taka ta fitar. Ba tsirfa ba ce. A Fabrairun 2016 ɓarayin intanet sun kutsa shafin Mint suka musanya fayil ɗin da gurɓatacce na ɗan lokaci, kuma irin wannan tantancewar ce ke bambance na gaske da na jabu.

Abin da na fi so a harkar nan shi ne tana tashi daga filashi ba tare da ta taɓa komai a cikin kwamfutarka ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, to ga damar gwaji a banza. Kada ka yi gaggawar danna alamar ɗorawa. Zauna da ita. Haɗa ta da intanet ka ga ko tana ganin Wi-Fi. Kunna sauti. Buɗe kyamara. Jona firintarka ka buga shafi guda. Rufe murfin kwamfutar ka buɗe ka ga ko ta farka. Buɗe takardar da ka fi aiki da ita ka duba ko layukanta sun zauna. Duk abin da ya ƙi a nan zai ƙi bayan ka ɗora, gara ka sani tun Windows ɗinka tana nan. Wuraren da aka fi samun tangarɗa sanannu ne: wasu katunan Wi-Fi na Broadcom, katunan hoto na Nvidia, da na'urar karanta zanen yatsa. Na farko da na biyu akwai manhajar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan cikin kwamfuta aiki, a cikin Mint da Ubuntu da ke warware su, sai dai tana bukatar intanet, shi ya sa nake ajiye wayar kebul kusa, ko in jona wayar salula ta ba ta intanet kafin Wi-Fi ɗin ya tashi.

Kafin komai kuwa, kwashe kayanka. Hotuna, takardu, lambobin sirrin da burauza ta riƙe maka, duk a kwafe su zuwa wani faifai na daban, a buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Akwai wani allo a tsakiyar ɗorawa da ke tambaya ko a goge faifan duka ko a ajiye Linux gefen Windows. Kalmar gogewar nan ba wasa take ba. Mai son riƙe duka biyun ya fara kashe tsarin saurin tashi na Windows, in kuma faifansa a kulle yake da BitLocker ya nemo makullin ceto ya rubuta a takarda tukuna, in ba haka ba yana iya tashi ya tarar Windows na neman lambobi 48 da bai taɓa gani ba. Kuma don Allah ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai miƙa kundinsa jibi, ko akawun da ke rufe lissafin wata, ba yau ne ranar canza masa manhaja ba.

In an wuce nan, abin da ya rage suna ne da kalmar sirri da agogo. Kafin rabin awa an kammala a yawancin na'urori. Mint na cewa gigabait 2 na ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya isa, 4 ya fi daɗi, kuma gaskiyarsu. In kwamfutar ta tsufa sosai a ɗauki zubin Mint mai suna Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Wanda ya iya canza tsohon faifai mai juyawa da sabon faifai mai sauri da ake kira SSD zai rantse sabuwa ya saya.

Makon farko akwai baƙunta. Babu yawon neman manhaja shafi-shafi, akwai rumbu guda da ake ɗaukowa daga ciki, kuma sabuntawa guda ce ke gyara komai har da burauza. Ba ta kashe kanta tsakiyar aikinka don ta sabunta. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, akwai tsarin madannansu a ciki, sai dai ka zaɓa. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, amma a nan zan faɗi gaskiya ko da samarinmu ba za su so ba: takarda mai tebura da yawa da ado tana iya karkacewa. Sau da yawa laifin salon haruffa ne, babu Calibri da Cambria a Linux, kuma ɗora Carlito da Caladea, waɗanda aka yi su daidai faɗin waɗancan, yana gyara mafi yawa. Takardar da za a aika don karantawa kawai a mai da ita PDF a huta. Photoshop da CorelDRAW da AutoCAD ba sa aiki a kanta kai tsaye. Akwai GIMP da Inkscape, masu kyau ne, amma mutumin da abincinsa ke cikin CorelDRAW shekara da shekaru, kuma abokan hulɗarsa da irin fayil ɗinsa suke aiko masa aiki, ba na ba shi shawarar ya ƙaura. Ba kowa ya kamata a ɗora wa ba.

To yanzu ga inda na dosa. Ran da ka sayi kwamfuta da Windows, ko ba ka sani ba ka sayi jama'a: maƙwabci ya san ta, abokin aiki ya san ta, kowane mai gyara ya san ta. Ran da ka koma Linux wannan jama'ar ta ragu. Taimako yana nan, mai yawa ma, kuma sau da yawa ya fi na kamfani inganci, don wanda zai amsa maka yana iya zama shi ya rubuta abin da hannunsa. Sai dai taimako ne na masu sa kai. Ba wanda ka biya, ba wanda za ka ɗaga wa murya. Yana da ladabinsa, kuma wanda bai koye shi ba sai ya yi fushi ya ce mutanen Linux girman kai gare su. Wasu na da shi, ba na musu. Amma mafi yawan tambayoyin da ake yi wa shiru, tambayoyi ne da ba su amsuwa.

"Wi-Fi ɗina ba ya aiki, a taimaka" ba tambaya ba ce. Wace Linux, wace lamba? Wace kwamfuta? Me ka yi kafin ya tsaya? Me allon ya rubuta, harafi da harafi? A Mint akwai umarni guda, inxi -Fxz, da ke zayyano duk kayan cikin na'urar, harafin z ɗin nan kuma yana ɓoye bayananka na sirri. Wanda ya liƙa wannan a ƙarƙashin tambayarsa, ya faɗi abin da ya riga ya gwada, da wuya ya kwana bai samu amsa ba. Kafin ma ya tambaya, ya kwafi saƙon kuskuren yadda yake ya nema a intanet. In ya samu magani ya koma ya rubuta abin da ya yi aiki, don na baya. Babu abin haushi kamar ka tarar da mai irin matsalarka sak, a ƙasa ya rubuta "na gyara, na gode" bai ce ta yaya ba.

Akwai haɗari biyu a neman taimako. Na farko tsohuwar amsa. Maganin da aka rubuta don Ubuntu ta 2012 yana iya lalata ta 2024, a duba kwanan wata kafin a bi. Na biyu kwafar umarnin da ba ka fahimta ba. Duk umarnin da ya fara da sudo yana aiki ne da cikakken iko a kan na'urar, kuma Linux ba ta ja-in-ja da mai ita, in ka ce ta goge kanta za ta kama gogewa. Wannan ya haɗa da umarnin da manhajojin hira na zamani suke bayarwa, suna taimakawa, amma da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure. Shi ya sa abu na farko da nake kunna wa kowa shi ne Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci, in an yi ɓarna a koma jiya. A sani dai tsarin yake ajiyewa, bai ɗauke maka kwafar takardunka ba.

Ga 'yan'uwana masu ɗora wa mutane nake da magana mai zafi. Wata baiwar Allah ta kawo mini kwamfutarta, malama ce, abin da take yi da ita rubuta jarabawa da lissafin maki. Wani yaro ya ce zai sa mata abin da ƙwayar cuta ba ta kamawa, ya goge mata Windows ya ɗora wata Linux mai suna Kali, wadda aka yi ta don masu gwajin tsaron intanet, wadda masu ita da kansu suka rubuta cewa ba ta sabon shiga ba ce. Bai gaya mata sunan abin da ya sa ba, bai nuna mata inda takardunta suka koma ba, ya daina ɗaukar wayarta. Ita yanzu duk inda aka ambaci Linux sai ta ce a'uzubillahi, kuma ban ga laifinta ba. Wanda ya ɗora wa mutum manhajar da bai sani ba ya ɗauki amana. In ba za ka amsa kiransa a watan farko ba, bar masa abinsa yadda ka gan shi. Ni duk wanda na ɗora wa sai na rubuta masa a takarda sunan Linux ɗin da lambarta, shekarar da kulawarta za ta ƙare, yadda ake sabuntawa, da inda zai kai tambaya in ba na nan. Sai in sa shi ya ɗora manhaja guda da hannunsa ina kallo.

Manyan hukumomi ma a wannan gaɓar suke ci ko su faɗi. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya ƙaurar da kwamfutoci kusan 15,000, sai ga majalisar birnin a 2017 ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Har yau ana gardama kan nawa ne siyasa a ciki, nawa ne ƙorafin ma'aikata. Jandarmomin Faransa kuwa a hankali suka bi: suka fara canza manhajar ofis a 2005, sannan burauza, sai daga 2008 suka shiga Ubuntu, lokacin ma'aikaci ya riga ya saba da kayan da zai tarar. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta bi wannan hanya da kwamfutoci kusan 30,000, ita ma da LibreOffice ta fara. Dabarar nan tana yi wa mutum ɗaya aiki: ɗora LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗinka yau, yi wata guda da su, in ba ka rasa komai ba to ƙaurar ba za ta girgiza ka ba. Makaranta ko ofishin da ke son rage kuɗin lasisi kuwa ya ware wani abu don horar da ma'aikata da riƙe wanda zai kula. Kamfanin Red Hat abin da yake sayarwa ke nan, kulawa da tallafi a kan manhajar da rubutunta ke buɗe, kuma IBM ta saye shi a 2019 kan dala biliyan 34. Wannan kuɗi kaɗai ya isa ya nuna inda darajar take.

Masu cewa Linux ba a kutsa ta su ma su sassauta. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura daga nesa yana ƙara jinkirin rabin sakan. Ya bi diddigi, ya tono ƙofar baya da aka dasa a wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana taimakon mai kula da manhajar, ɗan sa kai da aiki ya yi wa yawa, har aka yarda da shi. An kama abin kafin ya isa tsayayyun zubin da yawancin mutane ke amfani da su, kuma buɗewar rubutun ce ta sa aka iya kamawa. Amma ya nuna kayan da duniya ta jingina da su wani lokaci mutum ɗaya ne a gajiye yake riƙe da su. Mai hali ya riƙa aika ɗan abin da ya sawwaƙa ga masu manhajar da yake ci da ita, mai ilimi ya taimaka da fassara ko amsa tambayoyin sababbi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a buɗe ɗan fili a shafin kimiyya, ko sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su aiko da matsalolinsu na Linux a amsa musu da Hausa. Kusan duk taimakon da na ambata da Turanci yake, kuma akwai masu kaifin basira da yawa da wannan kaɗai ya tsayar. In an buɗe, ni mai bayar da lokacina ne, na kuma san wasu abokan sana'a da za su shigo. Sharaɗi ɗaya zan nema: mai tambaya ya rubuto sunan Linux ɗinsa da lambarta da irin kwamfutarsa.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku, mai gyaran kwamfuta.